Yadda ake gane nau'in ƙudan shawagi daga hoto

Ƙudan shawagi shi ne wanda yake tsayawa cik a iska kusa da fure, fuka-fukansa na kaɗawa, sannan ya fizga gefe guda. Masana suna kiran danginsa Syrphidae, kuma an san nau'o'insa kusan 6,000 a duniya. Da yawansu suna kwaikwayon zanzaro ko ƙudan zuma da ratsin baƙi da rawaya, shi ya sa launi shi ne shaida mafi rauni. Ƙirar jiki ake bi.

Fara da tabbatar da dangin. Ƙuda fuka-fukai biyu gare shi, zanzaro da ƙudan zuma huɗu. Idanunsa manya ne, sun cinye yawancin kai, ƙahonninsa, wato 'yan tsinkayen nan biyu na gaban kai, galibi gajeru ne, da siririn gashi guda a gaɓar ƙarshe. Sai ka ƙara girman hoton fiffiken ka nemi jijiyar ƙarya da ake kira vena spuria: wani layi ne da ya ratsa tsakiyar fiffike a tsaye, ƙarshensa bai haɗu da wata jijiya ba. Haka kuma jijiyoyin waje suna lanƙwasawa su bi gefen fiffike, kamar an yi masa baki na biyu. In babu waɗannan, duba dangin Conopidae, Stratiomyidae ko Bombyliidae, domin su ma suna ruɗar mutane.

Hoto ɗaya daga sama ba ya isa. Ana buƙatar aƙalla uku: na sama da ke nuna ciki da jijiyoyin fiffike, na gefe da ke nuna ƙafafu da yadda fuska ta turo, da na gaba da ke nuna fuskar kanta. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne na gefe, alhali a ƙafafu ake raba nau'o'i da yawa. Da sassafe ya fi sauƙi, lokacin da ƙudan ke shan hantsi a kan ganye bai gama ɗumama ba. Kada inuwarka ta faɗa masa, tashi zai yi. Hasken filasha kai tsaye yana shafe gashin ido, yana kuma sa fiffike ƙyalli har jijiyoyi su ɓace. Ka jira ya buɗe fuka-fukai, don in ya naɗe su a baya, zanen ciki ya ɓuya.

Da ka tabbatar da dangi, ware namiji da mace. A yawancin jinsuna (jinsi a nan shi ne rukunin nau'o'i masu kusanci a cikin dangi) idanun namiji sun haɗe a saman kai, na mace kuwa da tazara a tsakani. Amma a jinsin Helophilus duka biyun idanunsu a rabe suke. Wannan mataki yana da nauyi, domin alamar da ke aiki ga mace sau da yawa ba ta aiki ga namiji.

Daga nan sai neman jinsi. In jijiyar da ke zuwa ƙarshen fiffike ta yi lanƙwasa mai zurfi kamar ƙwarya, kana wajen Eristalis da 'yan'uwansa. Idanu masu ɗigo-ɗigo ko ratsi na Eristalinus ne. Ratsin tsaye a saman ƙirji tare da wannan lanƙwasa yana kai ka ga Helophilus ko na kusa da shi. Babban ƙuda mai gashin ƙaho kamar gashin tsuntsu, Volucella. Dogayen ƙahonni a miƙe, Chrysotoxum. Baki dogo kamar na tsuntsu, Rhingia. Siriri mai kumburarriyar cinyar baya, Syritta.

Gane nau'i shi ne inda aikin yake. Ɗauki Eristalis tenax da Eristalis pertinax, waɗanda daga sama kusan ɗaya suke. Tenax yana da faffaɗan baƙin ratsi a fuska, layi biyu na duhun gashi a tsaye a kan kowane ido, da ƙwaurin baya mai kauri a lanƙwashe. Pertinax kuwa ƙarshen ƙafafunsa na gaba da na tsakiya ruwan lemo ne gaba ɗaya. Hoton da ƙafafun suka nutse cikin fure ba zai nuna maka wannan ba. A jinsin Syrphus, macen ribesii cinyarta ta baya rawaya ce duka, ta vitripennis kuwa rabinta ko fiye baƙi ne, torvus kuma yana da gashi a ido, wanda sai hoto mai kaifi ke kamawa. Mazan ribesii da vitripennis sai an duba ƙananan gashin fiffike da madubin ƙara girma.

Abin da ke sa launi yaudara shi ne yanayi. Episyrphus balteatus, mai ratsin baƙi biyu-biyu, babba da ƙarami, a gaɓa ta uku da ta huɗu ta ciki, yana fitowa da duhu sosai in ya girma cikin sanyi, ya fito da haske in cikin zafi ne. Wanda bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba kuma launinsa bai gama nuna ba. Girma ma ba abin dogaro ba ne, ya danganta da abincin da tsutsar ta samu.

Rubuta wuri, kwanan wata, irin furen da tsawon jikin a milimita, sannan ka yi amfani da littafin gane nau'i na yankin da aka ɗauki hoton. Littafin Turai zai ba ƙudan Afirka ko na Amurka sunan da ba nasa ba. Manhajar iNaturalist, mai hasashen sunan halitta daga hoto, tana da amfani, amma hasashen na'urarta mafari ne kawai, ka gwada shi da alamomin jiki ɗaya bayan ɗaya.

Wasu jinsunan hoto ba ya kai su ga nau'i. Yawancin mazan Sphaerophoria sai an duba al'aurarsu, matan kuwa galibi ba a iya raba su. Baƙaƙen Cheilosia da matan Platycheirus ma suna da wuya ƙwarai. A nan daidai ne ka rubuta sunan jinsi ka bi shi da sp., wato ba a tantance nau'in ba, ka ajiye ainihin hotunan ba tare da an rage girmansu ba, domin masani ya iya ƙara girman ƙafa da fiffike idan ya zo dubawa.