Yadda Ake Ziyartar Gidan Tarihin Kiɗan Rock na Cleveland

Duk wanda ya nufi gidan tarihin da ake kira Rock and Roll Hall of Fame, a birnin Cleveland na jihar Ohayo a Amurka, ya kamata ya ware wa ginin kansa lokaci kafin ya shiga, domin yawancin baƙi kan yi hanzarin zuwa wurin jita da tufafin mawaƙa ba tare da sun ɗaga kai ba.

Ka fara tsayawa a filin gaba, inda aka girke manyan jajayen haruffa, ka dubi dalar gilashin da ta jingina da hasumiya mai tsawon ƙafa 162. I. M. Pei ne ya zana ginin, wanda shi ne ya yi dalar gidan tarihin Louvre a Faris da kuma gidan tarihin fasahar Musulunci na Doha, kuma an buɗe wannan gini na Cleveland a watan Satumban 1995. Daga nan ka zagaya ta bakin tafkin Erie, domin a baya ne gwanintar take: wani ɗaki mai siffar ganga yana zaune bisa ginshiƙi guda da ya fito daga cikin ruwa, ga kuma wani sashe da ya miƙo a sama babu abin da ya tokare shi ta ƙasa. A ganina bayan ya fi gaban kyau nesa ba kusa ba, ko da yake gaban ne kowa yake ɗauka a hoto.

Idan ka shiga, ka fara da hawan ƙasa, inda aka ajiye mafi yawan kayan tarihi nesa da hasken rana. A nan za ka gane dalilin da ya sa aka zaɓi Cleveland, wato Alan Freed, mai gabatar da kiɗa a rediyo a birnin, wanda ya yaɗa sunan kiɗan rock and roll a farkon shekarun 1950. Sannan ka hau matakala mai tafiya da kanta, kana lura da yadda kowane hawa yake ƙara tsukewa yayin da gilashin yake matsowa kusa da kanka.

Zai fi kyau ka yanki tikiti ta intanet tun kafin ka iso, kuma idan lokacin hunturu ne ka sa rigar sanyi mai kauri, domin iskar da take tasowa daga tafkin ba ta barin mutum ya daɗe a waje.