Yadda ake canza fitilar silin da ta lalace a tsofaffin gidajen Makka

Masu zama a tsofaffin gidajen haya na Shara Mansur da Misfala sun san yadda zafi ke cin robar fitila. Holda, wato mazaunin ƙwan fitila, ta bushe ta yi baƙi, wata rana ka je ɗaura ƙwai ta ruguje maka a hannu. Aiki ne da za ka iya yi da kanka, muddin ka gane irin wutar da ke gidan.

A 2010 gwamnatin Saudiyya ta yanke shawarar komawa tsarin volt 230, amma a hankali ake sauyin, kuma gidaje da yawa suna nan kan tsohon tsari na 127 da 220. A wannan tsohon tsari, daga wayoyi biyu masu wuta ake haɗo 220, alhali makunnin bango yawanci ɗaya kawai yake yankewa. Sai ka ga fitila a kashe, ɗaya wayar kuwa tana nan da wutarta tana jiran yatsanka. Don Allah kada ka amince da makunnin bango.

Da farko je akwatin wuta, wanda ake kira tablon a nan, ka sauke makunnin ɗakin. In babu rubutu a jikinsu, sauke babban gaba ɗaya. Manna masa salatif, sannan ka faɗa wa mutanen gida da bakinka: "Hajiya, kada kowa ya taɓa akwatin nan sai na sauko." Na dage a kan wannan ne saboda da zarar AC ta tsaya da zafin Makka, wani zai tashi ya ɗaga makunni bai san kana kan tsani ba. Bayan sallar asuba ya fi, ga sanyi ga haske.

Tun kafin ka yanke wutar ka gwada tastarka, wato abin gwada ko waya na da wuta, a soket mai aiki, ka tabbata tana kamawa. Idan ka hau, taɓa kowace waya da ita ɗaya bayan ɗaya. Wutar 127 ba ta haska tasta sosai, don haka ka kāre ta da tafin hannu ka duba da kyau. Hannu a bushe, takalmin roba a ƙafa, wani ya riƙe maka tsani. Kada ka ɗora kujera kan tebur.

Idan ƙwan ya fashe gindinsa ya maƙale, filaya za ka sa ka murɗo shi. Kwance sukurori, tallafi fitilar da hannu ɗaya kada ta rataya a jikin waya, ka ɗauki hoton haɗin da wayarka ta hannu kafin ka raba komai. A sabon aiki, waya mai launin ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya abokiyarta, kore da rawaya kuma ta at ce, wato mai kai wuta ƙasa. A tsohon gida kuwa launi ba hujja ba ne, don kowane mai gyara da wayar da ya samu ya yi aiki.

Duba jikin sabuwar fitila: mai rubutun 100 zuwa 240 tana aiki a kowane tsari, amma ta 127 in ta sha 220 nan take za ta ƙone. Yanke bakin wayar da ya ƙone, fere kamar santimita ɗaya, ka sa a mahaɗa mai sukur ka ɗaure tam, sannan ka ɗan ja ka ji ko ta kama. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif shi ke kawo zafi, daga nan sai gobara. In fitilar ta ƙarfe ce, haɗa wayar at a jikinta. Rufe, sauko, sannan ka ɗaga makunni.

Idan rigar waya tana marmashewa har cikin silin, ko akwai danshi daga banɗakin sama, ko makunni ya sake faɗuwa, bar shi a sauke ka sanar da mai gidan ya kawo mai gyaran wuta. In kuwa wuta ta kama wani, kada ka taɓa shi da hannu: sauke babban makunni, ka kira 911.