Yadda Ake Gane Fim ɗin Yaƙi Mara Inganci Kan Gudun Hijirar Yahudawa

A shagunan tura fina-finai na Samaru da Sabon Gari, fina-finan Yaƙin Duniya na Biyu suna da masoya, kuma a cikinsu akwai masu ba da labarin Yahudawan da suka tsere wa mulkin Hitler. Da yawansu da ɗan ƙaramin jari aka shirya su, wannan kuwa ba aibi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne idan aka haɗa ƙarancin kuɗi da ƙyuyar bincike, har mai kallo ya tashi da tarihin da bai taɓa faruwa ba. Kafin ka biya kuɗin turawa, ka roƙi mai shago ya kunna maka mintuna goma na farko a kwamfutarsa.

Fara da shekarar da aka rubuta a farkon fim ɗin, sannan ka auna ta da abin da idonka ke gani. Hitler ya hau mulki a 1933, dokokin Nuremberg da suka raba Yahudawa da cikakken matsayin 'yan ƙasa sun fito a 1935, amma ba a tilasta musu liƙa tauraro mai ruwan ɗorawa a ƙirji a cikin Jamus ba sai a watan Satumban 1941. Idan ka ga iyali a Berlin ɗauke da wannan alama a 1938, to marubucin bai buɗe littafi ba. Haka nan a watan Oktoban 1941 aka haramta musu barin ƙasar, saboda haka wanda aka nuno yana hawa jirgin ruwa a bainar jama'a a 1943 ƙirƙira ce kawai.

Sai ka duba ko fim ɗin ya san nauyin takarda, domin a ganina nan ne ma'auni mafi girma. Galibin masu neman tsira ba bindiga suka riƙe ba. Layi suka yi ta bi a ƙofar ofisoshin jakadanci, suna riƙe da fasfo da aka buga wa jan harafin J, alamar cewa mai shi Bayahude ne, tun daga Oktoban 1938, kuma wanda ya samu fita a ƙarshen shekarun 1930 maki goma na kuɗin Jamus kaɗai aka yarje masa ya riƙe a aljihu. Ƙasashe 32 sun taru a Evian ta Faransa a Yulin 1938, kusan dukkansu suka ƙi ƙara buɗe wa Yahudawa masu gudun hijira ƙofa, sannan a 1939 jirgin St. Louis mai fasinjoji sama da 900 ya koma Turai bayan Kyuba da Amurka sun juya masa baya. Ɗaki ɗaya, tebur, hatimi da dogon layi sun isa a nuna wannan tashin hankali, kuma ba su da tsada. Daraktan da ya bar su ya koma harbe-harbe, alhali sojoji uku ne kawai yake ta kashewa yana dawo da su da wata hula, ya zaɓi abin da aljihunsa ba zai iya ba.

Ka tambayi kanka kuma: ina suka dosa? Yara kusan 10,000 sun isa Ingila tsakanin 1938 da 1939 ba tare da iyayensu ba, wasu mutanen sun kai har Shanghai, a Oktoban 1943 kuwa masunta sun tsallakar da Yahudawan Denmark kusan 7,000 zuwa Sweden. Fim ɗin da bai ambaci gari ko iyaka ba, sai kewaya daji ɗaya, ba shi da alƙibla.

Tufafi ma suna tona asiri. Mutumin da ya yi makonni yana kwana a rumbu ba zai fito da wuyan riga mai karin guga, da takalmi ba ko ɗigon taɓo, da aski sabo fil kamar angon jiya ba.

Idan fim ɗin mai fassarar Hausa ne, ka lura cewa wasu masu fassara sukan cusa barkwanci inda babu shi, abin da bai dace da labarin kisan mutane kusan miliyan 6 ba. Ka nemi na asali ka gwada su, sannan duk shekarar da ta ɗaure maka kai ka rubuta ta, ka bincika a intanet ko a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim idan kai ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ne.