Yadda ake karɓar magani a kan lamunin diyya a Amurka bayan haɗari

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wani ɗan'uwanmu ne da mota ta daki tasa ta baya yana tsaye a danja, aka kai shi emajansi aka yi masa hoto aka sallame shi da takardar magani a hannu. Asibiti dai dole su duba ka ko ba ka da ko sisi, dokar EMTALA ta 1986 ta ɗora musu wannan, amma fa dokar a ƙofar asibiti take tsayawa, ba ta bin ka kyamis. Bawan Allah ba shi da inshorar lafiya, motar da yake neman abinci da ita tana gareji, ga haya ta taho, sai ya ninke takardar ya cusa a walat, sati uku yana shafa man zafi yana cije baki. Wallahi da na ga yadda yake sallah a kan kujera sai da raina ya ɓaci, don akwai hanya, kawai ba wanda ya gaya masa.

Hanyar ita ce abin da lauyoyinsu ke kira lien, suna furta shi liin. A Hausance jingina ce. Ka jinginar da wani yanki na diyyar da kake sa ran samu, kamfani ko kyamis su riƙa ba ka magani yanzu ba ka biya komai, ranar da kuɗin shari'a suka fito a cire musu nasu kafin naka ya iso hannunka. Ka riƙe wannan tun daga nan, bashi ne, kuma daga aljihunka zai fita a ƙarshe. Mutanenmu da yawa suna ɗauka lauya ne ya ɗauki nauyi ko kamfanin inshorar wanda ya buge su, a'a.

Mataki na farko, kafin ma ka ambaci jingina, ka duba ko akwai wanda ya kamata ya biya maganin tun farko. Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa kuma shi ya fi ceton kuɗi. In kana New York, inshorar motar da kake ciki, ko wadda ta buge ka in a ƙafa kake, tana da abin da ake kira no-fault har dala 50,000, kuma magani yana ciki, ko waye mai laifi. Sharaɗin shi ne ka cike fom ɗin NF-2 cikin kwana 30, in ka wuce ba tare da uzuri mai ƙarfi ba za su iya hana ka. Mai babur shi ba ya cikin wannan tsarin. A Florida dala 10,000 ne kuma sai ka ga likita cikin kwana 14. A Texas da Maryland akwai na dala 2,500 in ba ka sa hannu ka yafe shi ba lokacin da ka sayi inshora, toh ka ɗauko takardunka ka duba. In a bakin aiki abin ya same ka kuma, wannan maganar inshorar ma'aikata ce, direbobin Uber da Lyft na New York su nemi Black Car Fund, asusun da ke biyan direbobi in sun ji rauni a bakin aiki. Mai Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ko inshorar lafiya ta wurin aiki ya gaya wa lauyansa tun ranar farko, su ma za su iya neman a mayar musu da nasu daga diyya, amma farashin da suke biyan kyamis ya fi na jingina sauƙi nesa ba kusa ba.

Na biyu, sai da lauya. Kamfanonin nan ba sa buɗe wa mutum fayil shi kaɗai, don abin da suke dogara da shi sa hannun lauya ne, shi zai karɓi cek ya ajiye a asusun amana ya raba. Lauyoyin rauni ba sa karɓar kuɗi a gaba, kaso suke ɗauka, yawanci kashi ɗaya cikin uku, in an kai ga shigar da ƙara ya kan hau zuwa 40 cikin 100. Kuma kar ka ji haushi in ka ce ya taimaka maka da kuɗin magani ya ƙi, a yawancin jihohi ƙa'idar aikinsu ce ta hana lauya ba wanda yake karewa kuɗin kashewa. Rashin takardun zama ba ya hana ka neman diyya, babbar kotun jihar New York ma ta tabbatar da haka a shari'ar Balbuena a 2006, don haka kar tsoro ya zaunar da kai a ɗaki da ciwo.

Na uku, ka buɗe baki ka faɗa. Mu muna da kunya da kawaici, lauya ya tambaye ka ya jiki ka ce alhamdulillahi da sauƙi, shi kuma ya rubuta ka warke. Ka ce masa ƙarara, likita ya rubuta min magani ba ni da kuɗin saye, akwai pharmacy lien ko letter of protection? Na biyun wasiƙar lamuni ce, lauya ya rubuta cewa zai biya su daga diyya. Ofishinsa ne za su tura sunanka da ranar haɗari da bayanin shari'ar, daga nan ko dai a turo maka kati a waya ko imel wanda za ka nuna a irin su CVS, Walgreens ko Walmart, ko kuma kyamis ɗin da ke aikin jingina ya aiko maka da maganin gida. Katin yana da lambobi kamar na inshora, ma'aikacin kyamis ya shigar a kwamfuta ya miƙo maka leda, shikenan.

Na huɗu shi ne wurin da nake so ka tsaya ka nutsu, takardar da za ka sa wa hannu. Kar ka sa hannu a waya kana cikin mota, ka ce a ba ka kwafi, in Turancin lauyoyi ya yi maka nauyi ka nemi tafinta ko ɗan'uwa da ya iya, ba abin kunya ba ne. Tambaya mafi girma, in shari'ar ta faɗi ko kuɗin ba su kai ba, wa zai biya? Wasu kamfanoni sun rubuta cewa in ba diyya ba bashi, wasu kuma sun rubuta cewa bashin yana wuyanka ko an ci ko ba a ci ba, kuma takardun biyu kamanninsu ɗaya a ido. Wannan ya fi shafar 'yan uwanmu na Maryland, Virginia, North Carolina da Alabama, don a can in aka samu kana da laifi ko ɗan ƙanƙani a haɗarin za ka iya tashi ba ko dala, mutanen Greensboro ta North Carolina ku ji da kyau. Sannan ka tambaya nawa suke lissafa kowane magani, akwai kuɗin ruwa ko kuɗin hidima da ke hawa duk wata, kuma suna sayar da bashin ga wani kamfani ko a'a. Maganar ruwa ta dame ni a matsayina na Musulmi, kuma ka bambanta jinginar magani da bashin tsabar kuɗi da wasu kamfanoni ke ba mai shari'a kafin sulhu, wancan ruwansa yana ninkuwa ba tausayi.

Bari in yi maka lissafi na misali don ka gani da idonka. A ce a Texas ne, wanda ya buge ka inshorarsa mafi ƙanƙanta ce, dala 30,000, kuma an ba da duka. Lauya ya ɗauki 10,000, kuɗin takardu da fayil a ce 1,000, likita da masu gashin ƙashi 8,000, saura 11,000. In jinginar magani ta kai 3,000 kai za ka tafi gida da 8,000, in kuwa da ka sayi wasu magungunan da kanka ta tsaya a 600, kaga 2,400 sun dawo aljihunka, sai dai ka cire abin da ka kashe wurin saye. Shi ya sa mataki na biyar yake da amfani, wato ka raba magungunan kashi biyu. Masu araha irin su ibuprofen, meloxicam da cyclobenzaprine na sakin jijiya, ka tambayi farashinsu na tsabar kuɗi, Walmart tun 2006 take da jerin magungunan dala 4, ga manhajar GoodRx mai rage farashi, in za ka iya ka biya ka adana rasit lauya zai saka shi a cikin abin da ake nema. Jingina ka bar ta ga abin da ya fi ƙarfinka. Ka kuma sa ido a kan man shafawa na haɗi da filastar ciwo da ake aikowa a kwali duk wata ba ka nema ba, su ne suke kumbura bil, in ba ka amfani da su ka kira ka ce a tsayar, ka gaya wa likita ma.

Katin nan na raunin haɗarin ne kawai, kar ka je da takardar hawan jini ko ta suga ko ta maiɗakinka. Ka sha magani yadda aka rubuta, ka koma ganin likita a kan lokaci, don ma'aikacin inshora abin da yake nema a fayil ɗinka shi ne giɓi, ya ga sati uku ba magani ba asibiti ya ce ai ba ka ji ciwo ba, abin da aka yi wa ɗan'uwan nan namu kenan. Magunguna masu ƙarfi kuma a yi hattara dan Allah, mun ga abin da tiramol ya yi wa samarinmu a gida, a Amurka shi ma yana cikin magungunan da ake sa wa ido tun 2014, kuma New York ta taƙaita rubutun farko na irin su oxycodone ga kwana 7. Kar ka ba kowa naka, laifi ne babba.

Ka sani ɗaya ɓangaren za su iya ganin takardun jinginar. Florida tun dokar 2023 ta wajabta a bayyana wasiƙar lamuni da bil dalla-dalla da ko lauya ne ya tura ka wurin, dokar ce kuma ta rage wa'adin shigar da ƙara daga shekara 4 zuwa 2. Texas, Georgia da California su ma 2 ne, New York da Maryland 3, amma in motar hukumar birnin New York ce sanarwa cikin kwana 90 ake so.

Duk bayan wata biyu ko uku ka kira ofishin lauya ka ce a turo maka jimillar abin da ya taru a kan jingina, ka gwada da ledojin da ka karɓa. In ka canza lauya ka sanar da kamfanin, bashin yana bin shari'ar ne.

Mataki na ƙarshe ranar sulhu. Kafin ka sa hannu a takardar rabon kuɗi ka ce wa lauya ya nemi ragi, wannan abu ne da aka saba, kamfanonin suna ragewa musamman in diyyar ƙarama ce, amma sai an nema. Ka bi layi-layi, in ka ga maganin da ba ka karɓa ba ka nuna, lauya zai riƙe wannan yankin a asusun amana har a warware ya sakar maka sauran. In an biya su, ka karɓi takarda a rubuce da ke cewa bashin ya ƙare ba a bin ka komai, ka ɗauki hotonta a waya ka ajiye asalin tare da fasfonka.