Kayan ƙamshin karas da kokwamba na ruwan khal

Khal (vinegar) da gishiri ne ke hana kayan lambun da aka jiƙa a kwalba lalacewa, kayan ƙamshi daɗi kawai suke ƙarawa. Saboda haka a fara da awo. A duba jikin kwalbar khal a ga ƙarfin tsaminsa 5% ne. Kofi ɗaya na khal, kofi ɗaya na ruwa, gishiri babban cokali ɗaya, sukari cokali ɗaya ko biyu. Wannan zai ishi kwalbar bama biyu matsakaita. In tsami ya yi yawa, sukari ake ƙarawa, ba ruwa ba.

A Kasuwar Kurmi a nemi kayan ƙamshi ƙwaya-ƙwaya, kada a karɓi niƙaƙƙe. Gari dagula ruwan yake yi, ya kwanta a gindin kwalba kamar laka. Kowace kwalba a ware mata masoro ƙwaya takwas, tafarnuwa biyu a ɗan fasa, ɗanyar citta yanka uku sirara, da attaruhu ɗaya a tsaga shi. Kanumfari biyu tak. Shi ne mai ɓata aiki: aka sa biyar, bayan mako guda ba a jin karas, sai ɗanɗanon maganin haƙori. Kimba rabin sili ya isa, a fasa a zubar da 'ya'yan don ɗaci gare su. In albasa zalla za a jiƙa kuwa, masoro da citta sun wadatar da ita.

Kanwa ba ta shiga nan ko kaɗan, kashe tsamin khal take yi. Yajin tsire ma haka, saboda man ƙuli-ƙulin da ke ciki zai taso sama.

A tafasa ruwan da kayan ƙamshin minti biyu, amma ba a tukunyar alminiyam ba, tsami na cin ta har ruwan ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Karas ɗin kasuwar 'Yankaba a zuba masa ruwan da zafinsa; kokwamba sai ruwan ya huce, in ba haka ba ta yi laushi. Ruwan ya rufe kayan ruf.

Tafarnuwa kan koma shuɗiya ko koriya, ba komai, haɗuwarta da tsami ce. A sa a firji, a fara ci bayan kwana biyu, a cinye cikin mako uku. Da bazara, in wuta ba ta tsayawa, a yi kwalba ɗaya kawai. Aka ga yauƙi, kumfa ko fumfuna a sama, a zubar duka.