Kek da Biskit na Biki: Wuraren da Aka Fi Yin Tuntuɓe

Da zarar biki ya matso, uwargida kan shiga kicin da ɗoki, amma kafin yamma kek ya fito da tauri, biskit ya baje ya manne da ɗan uwansa. Sau da yawa ba rashin iyawa ba ne, gaggawa ce, kuma tun daga awo take farawa.

Kofi ɗaya na fulawa giram 120 zuwa 125 ne, idan da cokali kika zuba kika share samansa. In kika nutsa kofin cikin fulawar kika danna, yana iya kai giram 150. A kek mai kofi uku, kin ƙara fiye da rabin kofi ke nan ba ki sani ba, shi ya sa yake bushewa. Ƙaramin sikeli ya raba gardama.

Sai bota. Wadda aka ciro yanzu daga firij ba ta buguwa, wadda aka narka kuma ba ta riƙe iska, alhali iskar da ke shiga lokacin buga bota da sukari ita ke ɗaga kek. Ki bari ta yi laushin da yatsa zai lotsa ta ba tare da ta yi ruwa ba. Ƙwai mai sanyi ki tsoma shi a ruwan ɗumi minti 10, don kada kwaɓin ya tsinke. Da kin zuba fulawa kuwa, ki sassauta hannu: yawan juyawa yana sa kek tauri. Farin garin na ɓacewa, ki tsaya.

Bekin soda da bekin foda ba abu ɗaya ba ne. Soda ta ninka foda ƙarfi kusan sau uku, kuma sai da abu mai tsami irin yogot ko ruwan lemon tsami take aiki. In babu, ɗanɗanon sabulu za ki ji. Foda da ta daɗe a ajiye, ki gwada ta a ruwan zafi. In ba ta yi kumfa ba, ta mutu.

Ki kunna obin minti 15 kafin kwaɓi ya shiga. Yawancin kek digiri 180 na ma'aunin Celsius suke so, kuma kada ki buɗe ƙofa a minti 20 na farko, domin iska mai sanyi na sa tsakiyarsa ya faɗa.

Inda na fi jin takaici shi ne aikin ado, musamman ɗan gidan nan na biskit ɗin citta da Jamusawa suka shahara da shi a lokacin Kirsimeti. Yara sun zuba ido, an jingina bango, an ɗora rufi, sai ya rushe a gabansu. Abin da ya jawo shi ne son gamawa a yini ɗaya. Aikin kwana biyu ne, koma uku.

Ranar farko gashi. Ki yanka siffar bango da rufi a takarda, ki murza kwaɓin ya yi kaurin milimita 5 ko 6, ki yanka, sannan ki mayar da shi firij rabin awa kafin ya shiga wuta. Sanyin nan shi ke hana siffa bajewa, ko tauraro ne ko zuciya. Da fitowarsa, tun da zafinsa, ki ɗora takardar ki gyara gefen da wuƙa, don in ya huce karyewa zai yi. Wanda za a rataya, a huda shi da tsinken shan lemo kafin gashi.

Abin mannawa kuma aisin ne, wato kwaɓin sukari na ado, amma ba na bota ba, wannan ba ya ƙanƙarewa. Farin ƙwai ɗaya ake bugawa da tankaɗaɗɗen garin sukari kamar giram 200 zuwa 250, har ya yi kaurin da cokali zai tsaya. In ƙananan yara ko mai juna biyu za su ci, a nemi garin farin ƙwai a maimakon ɗanye. Ki riƙa rufe kwanon da jiƙaƙƙen tsumma, don yana saurin bushewa. Ki yi wa bango ado yana kwance, sannan ki tayar da shi ki tokare da kofuna, ki bar shi ya kwana kafin rufi ya hau.

Kala mai ruwa tana tsinka aisin. Mai kauri ta fi, kuma da bakin tsinke ake ɗiba, tunda launi yana ƙara duhu bayan ya zauna. Cakulan kuwa a kan tururi ake narka shi, cikin busasshen kwano, domin ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya dunƙule shi. In hakan ta faru, ki zuba madara mai zafi kaɗan-kaɗan kina juyawa har ya sake, ki kwarara shi a kan kek.