Kafin ku saya wa kwamfutar tebur sabuwar fanka

Jama'a, ku buɗe akwatin ku auna gurbin tukuna, yawanci milimita 120 ne ko 140. In zai ɗauki ta 140, ita na fi so: tana juyawa a hankali, ga iska isasshiya, ba ta cika ƙara ba. Ku nemi mai fil 4 a bakin wayarta, wadda ake kira PWM, don madabod, wato babban allon da ake jona kayan cikin kwamfutar a kansa, ya riƙa daidaita gudunta gwargwadon zafi.

Wajen ɗaurawa ake yawan kuskure. Ta gaba ta jawo iska ciki, ta baya da ta sama su fitar. Ku duba 'yar kibiyar da ke gefen fankar, mai nuna inda iska ke bi. In babu, ku kara mata guntun takarda tana juyawa ku ga inda ya karkata.